Rubutaccen tsarin aiki ko bidiyo: wanne ya fi horar da sabon ma'aikaci?

Malama, kin tambaya ko ki rubuta yadda ake gudanar da ayyukan ofishinku, ko kuwa ki ɗauki bidiyon tsofaffin ma'aikata suna yi domin sababbi su riƙa kallo. A ganina rubutu ne ya kamata ya zama tushe, bidiyo kuma ya taimaka masa.

Bidiyo ya fi ƙarfi a aikin hannu. Idan ana son koya wa mutum ciro takardar da ta maƙale a firinta, minti biyu yana kallon gwani ya buɗe murfin baya, ya kama takardar da hannu biyu, ya janyo ta a hankali don kada ta yage, sun fi masa shafi guda na bayani. Sai dai gwani yakan wuce da sauri a kan matakan da suka zame masa jiki ba tare da ya ambace su ba, kuma ranar da aka sauya manhaja ko fom, tilas a sake ɗaukar bidiyon.

Rubutu kuwa layi ɗaya ake gyarawa, a sa kwanan wata da sunan wanda ya gyara, sannan sabon ma'aikaci yana iya ajiye shi a gefensa yana bi mataki-mataki, idan ya kakare a na bakwai ya duba shi kai tsaye. Rauninsa, wanda na ga ya kashe ƙoƙarin ofisoshi da dama, shi ne a bar wa shugaban da ba ya taɓa aikin ya rubuta, a samu tulin shafukan da ke kwana a kabad.

Matsalar horar da sabon ma'aikaci tsohuwa ce. Tsakanin 1940 da 1945, lokacin da ƙwararru suka tafi fagen Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta gudanar da shirin TWI (Training Within Industry, wato horarwa a cikin masana'anta) domin horar da sababbin ma'aikatan masana'antu cikin gaggawa, inda ake rarraba kowane aiki zuwa manyan matakai da abubuwan lura, mai koyarwa ya nuna, sannan mai koyo ya gwada yana faɗin abin da yake yi. Kamfanin Toyota ya ɗauki wannan hanya a shekarun 1950, takardarsa ta koyar da aiki kuma tana ɗauke da mataki, da abin lura, da dalili. Wannan dalilin ne bidiyo ya fi yawan rasawa, alhali wanda ya san abin da ya sa ake yin mataki ba ya saurin tsallake shi. Tsawon rubutu ma ba dole ba ne, domin jerin abubuwan dubawa na tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 abubuwa 19 ne a shafi guda.

Saboda haka ki zauna da mai yin aikin yana yi kina rubutawa, ki haɗa gajeren bidiyo a matakan da suka shafi hannu kaɗai, sannan ki miƙa wa mafi sabunta a cikinku ya gwada ba tare da an taimaka masa ba. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, a nan za ki ƙara bayani.