Gyaran salansa da na yi saboda zafin inji

Mashin ɗina tsoho ne, in dai na ɗau hanyar Kano zuwa Zariya kafin na kai Kwanar Ɗangora ya fara shaƙewa, inji ya ɗau zafi har ƙafata nake ji, dole na faka gindin bishiya ya huce. Shi ne wani aboki ya haɗa ni da wani bakanike a unguwarsu, dattijo ne, garejin ma rumfar kwano ce kawai.

Ni da na je cewa na yi a fasa min salansa a cire kayan cikin gaba ɗaya kamar yadda samari ke yi, sai ya yi dariya ya ce "ɗana ƙara kake nema ko gyara?" Ya kwance ta a gabana ya bubbuga, wallahi baƙin gawayin da ya zubo ya kusa cika gwangwanin madara, ashe toshewa ta yi hayaƙi ba ya fita. Ya ƙone dattin, ya ɗan buɗe bakin kaɗan, mai walda ya liƙe. Abin da ya burge ni bai tsaya nan ba, ya ce in an buɗe salansa ba a saita kafireta ba mai zai yi wa inji kaɗan, zafin ma ƙaruwa zai yi, ya nuna min fulogina da ya yi fari fat. Ya saita, ya canza baƙin mai.

Matsalarsa ɗaya jira, tun hantsi sai bayan la'asar na samu mashin. Ƙara kuma ta ɗan ƙaru, maƙwabta sun fara magana. Amma na je Zariya sau 2 ban tsaya ko'ina ba sai shan mai.