Bukukuwan kiɗan rok na kaka a Amurka: wane tikiti za a yanka?

Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba ake yin wasu manyan bukukuwan kiɗan rok na fili a Amurka, ga huɗu daga cikin waɗanda suka fi jan jama'a. Yawancin masu saye sunayen mawaƙa suke bi. Ya kamata a fara duba sararin samaniya, domin a wannan lokaci ruwa da iska ne ke cinye kuɗin mutane.

Louder Than Life na birnin Louisville a jihar Kentaki, kwana huɗu ne a cikin Satumba, kuma kiɗansa mai nauyi ne, irin na metal. An fara shi a 2014. A 2018 ambaliya ta cinye filin Champions Park, aka soke bikin ɗungurungum, daga baya aka koma filin baje kolin jihar. A 2024 ma ragowar guguwar Helene ta sa an soke ranar Juma'a. Amfanin wannan biki shi ne akwai wurin kafa tanti, wanda ke rage kuɗin otal.

Aftershock na Sakramento a Kaliforniya kamfani ɗaya ne ke shirya shi da na Louisville, wato Danny Wimmer Presents, don haka sau da yawa manyan mawaƙan sukan zo ɗaya. Mai son irin wannan kiɗa da ke gudun ruwa, nan ya fi masa: Oktoban Sakramento yawanci bushe yake. Sai dai rana da ƙura a Discovery Park, ga sanyi bayan magariba. A tafi da rigar sanyi mara nauyi da ƙyallen rufe hanci.

Riot Fest na Shikago kwana uku ne, ya fi karkata ga punk, wato rok mai sauri da hayaniya, da tsofaffin ƙungiyoyi da suka sake haɗewa. Shi ya fi sauƙin zuwa, domin jirgin ƙasa na Pink Line na sauke mutum kusa da Douglass Park. In an yi ruwa kuwa, filin ciyawar ya zama caɓi. Austin City Limits a Teksas gauraye ne, rok ɗaya ne kawai daga cikin kiɗe-kiɗensa, kuma zafi kan wuce digiri 30. Ana yin sa ƙarshen mako biyu, jerin mawaƙan kuma ba ya zama ɗaya cif, sai a duba kafin a biya.

Sai batun tikiti. Na gama-gari ya ishi mai ƙarfin tsayuwa awa takwas ko fiye. Na tsakiya yakan ƙara wurin zama mai inuwa da banɗaki mai tsafta, kuma a ganinmu a nan kuɗi ke biyan kansa. Na VIP tsadarsa kan ninka, kuma ba lallai ya kai mutum gaban dandamali ba, sau da yawa gefe ne. Tikitin kwana ɗaya ya fi hatsari: ranar da aka soke, tafiyar duka ta tashi a banza, tun da masu shirya biki ba sa biyan kuɗin jirgi ko otal. Shi ya sa ake kama ɗakin da za a iya sokewa kyauta.

Tikitin kansa yawanci madaurin hannu ne mai ɗauke da 'yar na'ura. Makullinsa gaba kawai yake tafiya, in aka ja shi ba ya sassautuwa, don haka kada a gwada shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Wanda ya saya a hannun wani ta Facebook ya sani cewa in an mayar da kuɗi, asusun mai saye na farko za su faɗa.

Abin toshe kunne dole ne. Ƙara a kusa da lasifika kan kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma hukumar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata minti 15 kacal ta ƙayyade wa kunne a wannan mataki. Na soso ya fi arha, ya fi rage ƙara, amma yana dusashe sautin jita. Na makaɗa mai matata yana rage kimanin desibel 15 zuwa 20, kiɗan kuma ya fito sarai. A sayi na makaɗa, a jefa na soso biyu a aljihu saboda ɓacewa.