Kafin ka zuba dalolinka a rami: wace maɓoyar ƙurar nukiliya ce ta dace da gidanka?

Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 'yan uwa mazauna nan Amurka suke ta kirana kan maganar maɓoya, wai don sun ji gidan da na saya a Ohayo yana da ita. E yana da ita, amma ba ni na gina ba, tarar da ita na yi. Gidan tsoho ne, a kusurwar ɗakin ƙasa wanda muke cewa besmen akwai wani ɗan ɗaki na bulo mai kauri, ba taga, rufinsa ƙasa-ƙasa sai ka sunkuya, ƙofar kuma a karkace kamar ta zauren gidajenmu na da, wadda in ka tsaya a waje ba ka hango tsakar gida. Da na ɗauka sito ne har na fara jibga akwatuna, sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce a'a, ai wannan na bam ne, babanta ma ya gina irinsa.

Ita ta ba ni labarin zamanin. Tana firamare lokacin rikicin makaman Kyuba tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet a Oktoban 1962, kwana 13 duniya ba barci, a makaranta ana koya musu shigewa ƙarƙashin tebur su rufe ƙeya da hannu, a gida kuma babanta yana ta cusa yashi cikin ramukan bulo, uwarta tana jera gwangwanayen abinci. Shekara ɗaya kafin nan, ranar 25 ga Yulin 1961, Shugaba Kennedy ya yi jawabi kan rikicin Balin ya nemi majalisa ta ba shi dala miliyan 207 don tanadin mafakar jama'a, daga nan aka fara manna allon alamar mafaka mai rawaya da baƙi a jikin makarantu da ofisoshi, har yau za ka gan shi ya yi tsatsa a tsofaffin gine-ginen Niyok. Ta ce abin da ya fi tsaya mata a rai gardamar da manya suke yi ce, wai in maƙwabci ya zo yana buga ƙofa alhali wurin na mutum biyar ne, a buɗe masa ko a ɗauko bindiga. Mu ma fa abin ya taɓa mu. Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairun 1960, tsakiyar hunturu, ana ta fargabar iska ta kwaso ƙurar ta yo kudu da ita, kuma bayan gwaji na uku Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961.

To abin da za ka fara ganewa kafin ka ciro ko sisi, maɓoyar gida ba ta bam ɗin kansa ba ce, ta ƙurarsa ce. In ya faɗi a unguwarku sai dai Allah Ya jiƙan musulmi. Amma in ya tashi can nesa kusa da ƙasa, yana kwasar turɓaya da tarkace ya yi sama da su, su gauraya da guba, iska ta ɗebe su ta zubar kamar yashi ko toka a kan rufin gidaje masu nisan mil da yawa. A gwajin da Amurka ta yi a tsibiran Bikini na tekun Pasifik ranar 1 ga Maris 1954 tokar ta sauka a tsibirin Rongelap har yara suka riƙa wasa da ita. Ƙurar nan tana fitar da wani tururi da ba a gani ba a jin warinsa, yana ratsa katako da kwano kamar babu su, abin da ke tare shi nauyi ne kawai. Ƙasa dannanna mai kaurin santimita 9 tana rage shi da rabi, kankare santimita 6 ma haka, in ka tara ƙasa santimita 90 a kanka abin da zai iso gare ka bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Kuma yana tafiya ne miƙe, shi ya sa aka karkata ƙofar ɗakin nawa, hikimar zaure ce sak. Wani abin daɗin kuma ƙarfinsa yana saurin mutuwa, bayan awa 7 ya koma kashi 1 cikin 10, bayan kwana 2 kashi 1 cikin 100, bayan sati 2 kashi 1 cikin 1,000. Daga nan maganar zaman sati biyu ta samo asali. Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ta ce aƙalla awa 24 na farko kar ka leƙo sai an yi sanarwa.

Da wannan ma'aunin nake auna duk abin da ake tallatawa, kuma wallahi da yawa ba sa tsallakewa.

Mu fara da wanda bai cin ko kwabo. 'Yan uwanmu da ke haya a dogayen benaye na Bronks ko Shikago, ku kun riga kun samu, ba ku sani ba ne. Ƙaramin gidan katako mai hawa ɗaya yana rage tururin sau 2 ko 3 ne kacal, besmen ɗinsa kamar sau 10, amma can ƙarƙashin babban benen bulo mai hawa biyar ana samun sau 100 ko fiye. Gwamnatin Amurka a shekarun 1960 sau 40 ta sa a matsayin mafi ƙaranci kafin ta manna allon nan. Don haka in kana irin wannan ginin abin da za ka yi shi ne ka san hanyar sauka ƙasa, ko ka san ɗakin da ke tsakiyar gini nesa da taga da rufi, ka ajiye jakar ruwa da rediyo. Shi ke nan, kar wani ya ruɗe ka.

Sai mai gidan kansa da besmen, kuma nan ne nake ganin yawancinmu ya kamata mu tsaya. Ka zaɓi kusurwar da ta fi nutsewa cikin ƙasa, wadda ba taga, ka tayar da bango biyu na bulon kankare cikakke, ba mai rami ba, in mai ramin ne a cika shi da yashi ko siminti, ka yi masa rufi mai nauyi a kan ginshiƙai masu ƙarfi, don ƙurar a kan rufin gida take zama, ta sama tururin ya fi sauko maka. Kankare santimita 30 yana rage shi sau 32 shi kaɗai, ka haɗa da abin da besmen ɗin ya riga ya tare, ka wuce ma'aunin gwamnati nesa ba kusa ba. Kuɗin kaya 'yan dubban daloli ne, in kana da hannu a gini ma ya fi sauƙi. Sai dai don Allah ka kira injiniya ya duba rufin, bulo nauyi gare shi, kar ka gudu daga bam ka kwana ƙarƙashin abin da zai rufto maka. Ka nemi takardar izinin gini a ofishin garinku, ka kuma sayi ɗan abin gwajin iskar radon, don tana taruwa a besmen a jihohi irin tamu kuma tana jawo kansar huhu, wannan haɗarin ma ya fi bam kusa. Abin da ya fi burge ni da wannan zaɓin shi ne yana cikin gida, ƙarfe uku na dare ka tashi yara, sauka goma sha biyu kun isa, kuma ranar da aka busa jiniyar guguwa nan ɗin dai za ku shiga.

Tunda na ambaci guguwa, a kula da akwatunan ƙarfen da ake kafewa a gareji a Oklahoma da Tekzas. An gwada su su jure iskar mil 250 a awa da katakon da iska ke cillowa, a wannan aikin ba su da na biyu, amma bangonsu ƙarfe ne siriri, tururin ƙura zai ratsa abinsa. Wani dillali ya taɓa ce min ai nasa yana maganin komai, na tambaye shi nauyin bangon a kowace ƙafa sai ya fara kame-kame.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa kwantena ce. Mutanenmu da son kwantena, ai mun saba loda ta zuwa Legas da Kwatano, sai mutum ya ga araha ya ce bari ya haƙa rami ya binne. Kar ka soma. Ƙarfin kwantena a kusurwoyinta huɗu yake, don an yi ta ne a ɗora wata kan wata, bangon da rufin falle ne, ƙasa jiƙaƙƙiya ta danna su sai su lotsa, ga tsatsa. Kafin ka gama ƙarfafa ta da kankare ka kashe kuɗin da zai saya maka ta gaske.

Ta gasken ita ce wadda kamfanoni irin Atlas Survival Shelters da Rising S na jihar Tekzas suke ƙerawa, ko dai zagayayyen bututun ƙarfe ko akwati mai haƙarƙari, a kawo a tirela a binne a bayan gida. Ta fuskar kariya ba magana, in an rufe ta da ƙasa mita ɗaya ko fiye ta gama aikin. Ƙananan sukan fara daga dala dubu ashirin zuwa hamsin, manyan su haura dubu 100 ba wuya, amma farashin da ka gani a intanet na gangar jikin ne kawai, dako daban, mai haƙa daban, injin ɗaga kaya da zai sauke daban, wuta da ruwa daban. Sannan ruwan ƙasa. A Hustan ko Fulorida inda ko besmen ba a cika yi ba, tankin da ba a ɗaure shi da kankare ba yana iya tasowa sama bayan ruwa kamar ƙwarya a tafki, wanda aka ɗaure kuma ya riƙa yoyo. Kafin ka ba da kafin alƙalami ka tambaya ko akwai ƙofa ta biyu ta gudu, in gini ya faɗo kan ta farko fa? Ka tambaya ko famfon iskar yana juyuwa da hannu in wuta ta ɗauke. A ganina iska ta fi komai, mutum shida a rufaffen ƙarfe zafi da numfashinsu kaɗai zai galabaitar da su tun kafin abinci ya zama magana. Matatun iska na Suwizalan su ne ake yabo, kuma da dalili, tun 1963 doka ta wajabta musu tanadin mafaka, yanzu suna da kusan 370,000, wurin kowa da kowa. Amma ƙurar nukiliya tana da nauyi kamar yashi, bututu mai lanƙwasa da hula a kai yana tare mafi yawanta, don haka in kuɗi ya yi kaɗan fankar hannu mai kyau ta fi matata mai tsada da ba ta tura isasshiyar iska.

Akwai kuma na masu hannu da shuni, a yi maka wuri can wata jiha. A Dakota ta Kudu kamfanin Vivos yana ba da hayar shekara 99 ta tsofaffin rumbunan makaman soja guda 575, da farko dala dubu 25 da dubu 1 duk shekara, daga baya farashin ya hau, kuma fanko ake ba ka, kai za ka gyara. A Kansas an mayar da ramin makami mai linzami gidajen alfarma na dala miliyan 1.5 zuwa sama. Ni tambayata ɗaya ce, ta yaya za ka isa? Makami daga wata nahiya minti 30 yake yi a hanya, daga gidana zuwa Dakota sama da mil 1,000 ne. Ranar 13 ga Janairun 2018 da aka aika saƙon gargaɗi bisa kuskure a Hawayi, minti 38 mutane suka yi suna neman wurin ɓuya, wasu a banɗaki suka ƙare. In ba can za ka tare da iyali ba, ka sayi fili a gida ya fi maka.

Duk wanda ka zaɓa, kayan ciki iri ɗaya ne kuma su ya kamata ka fara saya tun kafin bulo. Ruwa galan ɗaya ga kowane mutum kullum, wato mu shida a gidana galan 84 na sati biyu, kuma wannan lissafin Turawa ne, ba su sa buta a ciki ba, don haka na ƙara, na kuma ajiye ɗan dutse don taimama. Rediyo mai batir ko wadda ake juyawa da hannu, tocila, bokiti mai murfi da ledoji don bahaya, maganin duk mai hawan jini ko suga. Abinci wanda ba sai an dafa ba, dabino, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, madarar gari, gwangwani. Kar ka kuskura ka kunna gawayi ko janareto a ciki, hayaƙin da ba a gani zai kashe ku cikin barci. Ƙwayar ayodin da aka rubuta KI a kwalinta tana da araha, saya, amma ƙululun maƙogwaro kawai take karewa, ba ta tare tururi, kuma ba a sha sai hukuma ta ce a sha.

Nawa ɗakin dai gyara na yi masa. Na ƙara layin bulo ɗaya ta ɓangaren matakala inda na ga bai yi kauri ba, na buɗe hujin iskar da wani ya toshe da siminti, na sa katifu biyu da shimfiɗar sallah. Madam ta riga ta mamaye rabin kantar da buhunan shinkafa da manja, na ƙyale ta don ko ba komai ana juya kayan ba sa lalacewa. Ruwan nake canjawa duk wata shida, na ɗaura shi da azumi da kuma Rabi'ul Awwal don kar in manta.