Sibiu, Alba Iulia ko Sighisoara: ina ya dace ma'aurata su sauka a Romaniya?

Idan kai da mai ɗakinka kwana uku ko huɗu kawai gare ku, kuma kuna son ganin tarihin Romaniya nesa da hayaniyar Bukarest, garuruwa uku na yankin Transilbaniya za ku riƙa jin sunansu. Duka suna da kyau, amma ba kowanne ne zai riƙe ku kwana uku ba.

Sighisoara ta fi ɗaukar ido. Tsohon birni ne a kan tudu, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ga hasumiyar agogo mai tsayin mita 64, ga matakalar katako mai rufi da aka gina a 1642 saboda 'yan makaranta. Sai dai ƙarama ce, wuni ɗaya kun gama da ita. Da rana baƙi sukan cika lungunanta, hawan ma bai yi wa mai ciwon gwiwa daɗi ba.

Wanda shiru ya kawo shi, Alba Iulia ya kamata ya duba. Ganuwarta mai siffar tauraro an gina ta ne tsakanin 1715 da 1738. A nan aka shelanta haɗewar Transilbaniya da Romaniya ranar 1 ga Disamba 1918, a nan kuma aka naɗa Sarki Ferdinand da Sarauniya Maria a 1922. Fili ne shimfiɗaɗɗe, kuna tafe da yamma kuna hira babu mai bangaje ku. Rauninta ɗaya: da kun fita ganuwa, abin kallo ya yi ƙaranci.

Ni dai Sibiu nake ba da shawara. Jamusawa ne suka kafa ta a ƙarni na 12, kuma a 2007 ta zama babban birnin al'adu na Turai. Gidan tarihi na Brukenthal, wanda aka buɗe wa jama'a a 1817, shi kaɗai zai ci muku safiya. Ku ware wuni guda don ASTRA, wani gidan tarihi a cikin daji a gefen gari, inda aka tattaro gidajen manoma da injinan niƙa na iska da na ruwa daga sassan ƙasar. Da dare ku zauna a babban dandali, tagogin rufin gidaje suna kallonku kamar idanu. Tana da filin jirgin sama, kuma Alba Iulia tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, sai ku je ku dawo. Ku nemi masauki a cikin tsohon gari ko da ya ɗan fi tsada, ƙafa za ta kai ku kusan ko'ina. Mayu ko Satumba sun fi. A Yuni bikin wasan kwaikwayo yakan cika garin, a Disamba kuma kasuwar Kirsimeti. Yawancin gidajen tarihi ba sa buɗewa ranar Litinin.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar bizar Schengen zai nema, kuɗin ƙasar kuma leu ne, ba yuro ba.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne abinci. Naman alade yana cikin girke-girkensu da yawa, har da sarmale (niƙaƙƙen nama naɗe cikin ganyen kabeji) da mici (gasasshen niƙaƙƙen nama) da za a yi ta tallata muku. Ku riƙe kalmar “porc”, wato alade, ku tambaya kafin a kawo. Kifi yana nan, ga mamaliga, wadda da kun ɗanɗana za ku tuna da tuwon masara.