Hattara da mai sayar da Jupiter-9 na Zenit da sunan na Zorki ne

Jama'a, duk mai kyamarar fim irin mai ma'aunin nisa, Zorki ko FED ko tsohuwar Leica mai bakin murɗawa, ya yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallar tsoffin gilasan kyamara a intanet, ya ci mini naira dubu 280. Dubu 280, a kan gilashin zuƙo nesa Jupiter-9, 85mm f/2, da maleƙa mai juyawa (abin da ake leƙawa a ga abin da za a ɗauka) ta masana'antar Sobiyet KMZ. Ba zan kama sunansa ba tukuna, amma sikirinshot na hirarmu da rasidin tiransifa duk suna hannuna, zan saka su.

Kada wani ya zo ya ce mini ban yi tambaya ba. Na tambaye shi ƙarara, wane baki ne? Ya ce, "M39 ne Yallaɓai, murɗawa kawai za ka yi." Har bidiyo ya turo, yana murɗa shi a jikin wata Zorki, ya shiga sumul ya zauna daram. Wannan bidiyon ne ya sa na tura kuɗin. Na sake kallonsa har na gaji: hannunsa na juyawa, gilashi na shiga, amma ko sau ɗaya bai juyo bayan gilashin ba, bai kuma leƙa ya juya fokas ba. Ya san abin da yake ɓoyewa.

M39 iri biyu ne a kayan Tarayyar Sobiyet. Akwai na kyamara mai ma'aunin nisa, wanda tazarar bakinsa zuwa fim milimita 28.8 ce, daidai da ta Leica. Akwai na tsoffin Zenit masu madubi a ciki, shi kuma 45.2 ne. Faɗin bakin ɗaya ne, milimita 39, shi ya sa na Zenit ke murɗuwa a jikin Zorki ba gardama. Amma ya matso kusa da fim da milimita 16.4 fiye da inda ya kamata ya tsaya. Ka juya zoben fokas har ƙarshensa, ba zai fito da gilashin ya cike wannan giɓin ba, don haka ba abin da zai fito tas, na kusa ko na nesa. Sannan na Zenit ba shi da zoben nan na baya da ke tura ɗan hannun ma'aunin nisa a cikin kyamara. Ka juya ka juya, hotuna biyun da ke tsakiyar maleƙa ba sa motsi ko kaɗan. Abin da na gani ke nan da kayan suka iso. A'a, kafin su iso ma sai da ya ƙara karɓar kuɗin aike, bayan mun yi da shi cewa yana cikin dubu 280 ɗin.

Da na kira shi sai ya ce wai kyamarata ce ke da matsala. Kyamarar da gilashin Jupiter-8 ke aiki a jikinta lafiya lau! Daga nan ya koma cewa ai bai yi ƙarya ba, M39 ya ce kuma M39 ne. To ai ni na faɗa masa Zorki-4 gare ni, yana nan a rubuce, kuma shi da kansa ya zaɓi Zorki ya yi bidiyo da ita. Mutumin da ya san shekarar da aka ƙera gilashi daga lambobi biyun farko na jikinsa, shi ne zai ce bai san bambancin na Zenit da na Zorki ba? Wannan zamba ce tsagwaronta. Yanzu ya yi bulokin ɗina.

A hoton tallar da aka ɗauka daga gaba, su biyun kusan kamarsu ɗaya: suna ɗaya, 85 da 2 a rubuce, bakin filta 49, ganyen buɗi 15. Sai ka ga gefe da baya za ka raba su. Na ma'aunin nisa ya fi tsawo, kuma lambar ƙarshe a zoben nisansa mita 1.15 ce. Na Zenit gajere ne, yana sauka har 0.8, kuma zoben buɗinsa biyu ne, ɗaya na saita lamba ɗaya na rufewa. Duk hotunansa ya ɗauke su ta inda 0.8 ɗin ba zai fito ba. Na koma na duba su ɗaya bayan ɗaya, haka ne.

Maleƙar ma wani takaicin ce. Zorki-4 kusurwar 50mm kaɗai take nunawa, dole sai da maleƙa ta waje idan za ka sa 85. Ta KMZ mai idanu biyar ce, 28, 35, 50, 85 da 135, amma ita ma iri biyu ce: wadda aka yi wa Zorki da FED, da wadda aka yi wa kyamarar Kiev, kuma kowacce ɓangaren da ta karkata daban. Ta Kiev ya aiko. Idan ka zura ta a mazaunin filasha na Zorki sai ta rufe kan maɓallin saurin shata, wanda sai ka ɗaga shi sama kafin ka juya, kuma yana juyawa da kansa lokacin ɗauka. Ban da hazo da ya cika idon 85 ɗin, ka haska tocila ka ga fari fat, har da zaren fumfuna a gefe. Ya ce mini "tas take kamar sabuwa." Dubu 280.

Masu Leica da Canon, ko na gaskiyar kuka samu ku sani an saita fokas ɗin gilasan Sobiyet a kan ma'aunin kyamarar Contax, wato gilashi mai milimita 52.4, na Leica kuwa 51.6 ne, don haka fokas yakan ɗan kauce a kusa. A f/2, mutum na tsaye mita 1.5, faɗin wurin da ke fita tas bai wuce santimita 4 ba, sai ka saita ido fokas ya faɗa kunne.

Kada ku tura ko sisi sai an nuna muku bayan gilashin ba murfi, da lambar ƙarshe ta zoben nisa, da bidiyo ta cikin maleƙar kyamara ana juya fokas hotuna biyun suna haɗuwa. Idan ya fara kame-kame ku bar masa kayansa. Wanda kuma mutumin nan ya taɓa yi wa haka ya yi mini magana, ina haɗa hujjoji zan kai ƙara.