Jar fitilar buta da cek injin: wacce za ka fara yi wa magani?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce Corolla ɗinka 2006 'yar Kwatano ta daɗe tana nuna cek injin, wato fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji, sai kuma kwanan nan jar fitilar nan mai kama da buta ta fara ƙyaftawa in ka tsaya a gosulo bayan mota ta ɗau zafi, kuɗin hannunka ba za su gyara duka biyun ba, bakanikenka kuma ya ce ba komai duk 'yan Kwatano haka suke. To buta za ka fara bi, kuma yau ɗin nan in da hali. Bari in jera maka su ka ga dalili.

Launin kansa magana ne. Masu ƙera mota sun tsara cewa ja na nufin tsaya, ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala a duba ta nan kusa, kore da shuɗi kuma sanarwa ce kawai kamar sigina ko doguwar fitila. Mu a Kano mun juya abin, sai ka ga mutum ya tada hankalinsa kan cek injin saboda kullum tana kallonsa, ita kuwa butar da ke leƙowa ta ɓuya sai ya ce ai ta mutu da kanta.

Cek injin saƙo ne daga kwamfutar mota. Ta ga wani abu bai yi daidai ba a harkar ƙona fetur ko hayaƙi ko ɗaya daga cikin sansoshinta, sai ta ajiye lamba a ƙwaƙwalwarta ta kunna fitila. Abin da zai kunna ta yana da yawa ƙwarai, daga murfin tanki da yaron gidan mai bai ɗaure sosai ba, zuwa filogi, kwayil, nozul, sanson da ke jikin salansa, gurɓataccen fetur, ko sanson iska da ƙurar hunturu ta lulluɓe. Shi ya sa ba wanda zai kalli fitilar da ido ya faɗa maka ciwon, duk wanda ya yi haka canka yake yi da kuɗinka. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin OBD-II, wato hanyar jona kwamfuta a binciki mota, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, don haka motarka tana da wani soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, nan ake jona kwamfuta ta karanto lambar. In ta ce P0420 to indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, shi ne ya gaji ko kuma an riga an kwashe shi, wanda wannan ya zama ruwan dare a motocinmu. P0171 na nufin iska ta fi fetur yawa. P0300 inji na tsallake wuta, in kuma P0301 ce zuwa P0304 ta ma faɗa maka silinda ta nawa ce.

Buta kuwa abu ɗaya tak take faɗa: ƙarfin da ke tura baƙin mai cikin inji ya faɗi. Mutane da yawa sun ɗauka ma'aunin yawan mai ce, sai ta kama tukuna su ƙara. A'a. Ɗan makunnin da ke kunna ta ba ya motsi sai matsin man ya yi ƙasa sosai, to kafin ka gan ta ƙarafan cikin inji sun fara neman gogar juna ba mai a tsakani. Wannan ƙyaftawar da take maka a gosulo tana da dalili, in inji ya yi zafi mai yana tsinkewa ya zama ruwa-ruwa, a tsaye kuma famfon mai a hankali yake juyawa, to nan ne matsin ya fi raguwa, kana taka totur sai ya ɗan ɗaga fitilar ta mutu ka ɗauka shi kenan. Ka haɗa da zafin Kano na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga esi a kunne, ga cunkoson Kofar Nassarawa ko Bata da rana tsaka.

Abubuwan da suka fi jawo hakan biyar ne. Ko man ya yi ƙasa, kuma injinan Corolla na farkon shekarun 2000 an san su da shan baƙin mai in sun tsufa. Ko man ya mutu don an daɗe ba a yi juye ba, ko jabu ne aka ɗura a galan mai kyau. Ko dattin tsohon mai ya daskare ya toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki. Ko famfon ne ko ƙarafan inji suka cinye. Ko kuma, in ka yi sa'a, makunnin ne kawai ya lalace, wannan gyara ne mai arha.

Maganar lokaci nan ne bambancin ya fi girma. Da cek injin a kunne, in dai tsaye take ba ta ƙyaftawa, mota ba ta rawa, ba ta rage ƙarfi, allurar zafi na inda ta saba, za ka iya kai yara makaranta ka je kasuwa ka nemi mai kwamfuta cikin satin. Asararka ita ce shan fetur, kuma da tsadarsa yanzu wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Amma in cek injin ta fara ƙyaftawa mota na karkarwa, to ta tashi daga sahun masu jira, ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana dafa indomi, ka rage gudu ka nufi gareji. Buta ba ta ba ka sati, wani lokacin ko minti biyar ba ta bayarwa. In butar ta kama ta ƙi mutuwa kana tafe, ko a kan titin Zariya ne ka wuce Na'ibawa, sa sigina ka gangara gefe ka kashe inji. Kar ka ce bari in ƙarasa Kwanar Dangora, injina da yawa a wannan "bari in ƙarasa" suka buga.

Ga abin da za ka yi da kanka ba ko sisi. Ka faka a wuri mai daidai, ka kashe mota ta huta kamar minti goma, ka zaro sandar gwajin mai ka goge ka mayar ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin ɗigo biyun nan. In ya yi ƙasa ka cika da irin wanda ke ciki, ka leƙa ƙarƙashin mota ko tana ɗiga. In kuwa man a cike yake kuma buta na ƙyaftawa, to abin ya fi muni, ka sa bakanike ya cire makunnin ya ɗaura agogon gwajin matsi ya auna da inji a zafe. Awon nan shi zai raba gardama, ko makunni ne ko a sauke kaskon mai a wanke rariya. Wasu za su ce a zuba baƙin mai 20W-50 mai kauri fitilar ta mutu, eh tana iya mutuwa, amma kamar shan farasitamol ne a kan zazzaɓin cizon sauro, jiki ya yi sanyi ciwon na nan. Littafin wannan motar 5W-30 ya ce.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin a fili yake. Cek injin sau tari gwaji ne da canjin filogi ko sanso ɗaya. Buta in ka kama ta da wuri juye ne da filta ko makunni ko wankin rariya, in ka yi sakaci kuma sai dai ka tafi Kofar Ruwa cinikin wani injin, kuma wanda za a ba ka ba ka san tarihinsa ba.

Akwai wata ta uku da ake rikita ta da waɗannan, a Toyota 'yan Amurka za ka ga rubutu MAINT REQD ya kama. Wannan ba ciwo ba ne, ƙirga tafiya take, duk mil 5,000, kusan kilomita 8,000, sai ta tuna maka lokacin juye ya yi, in an yi juyen sai a goge ta. Ni da ƙurar garin nan da yawan tsayuwa a gosulo ba na ma son mutum ya jira ta kama.

Shi kuma bakaniken naka, ban ce ka rabu da shi ba, wataƙila gwani ne a ƙafa da birki, amma maganar "duk haka suke" ba amsa ba ce. Kuma don Allah kar ka yarda wani rewaya ya ce zai kashe maka cek injin ta hanyar cire ƙwan ko liƙe shi da baƙin salatif, domin ranar da babbar matsala ta zo ba abin da zai sanar da kai. Goge lambar da kwamfuta ko cire kan batir ma ba gyara ba ne, bayan 'yan tafiye-tafiye za ta dawo. Masu shirin sayen mota ku riƙe wannan: ku murɗa makulli ba tare da kun tada inji ba, dole buta da cek injin da batir da ta jakar iska da ta birkin ABS, in motar na da shi, duk su kama, in inji ya tashi su mutu. Wacce ba ta kama ba tun farko, to wataƙila wani ya riga ku zuwa bayan dashbod ɗin.

In ka auna man ka faɗa mana inda ya tsaya a jikin sandar da launinsa, da kuma yaushe rabonka da juye, sannan in ka samu an sa mata kwamfuta ka turo lambar yadda take, kar ka tsaya a kan "an ce sanso ne".