Inbata a mota: ramin laita ko waya kai tsaye daga batir?

Malam, ka ce ka sayo inbata, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, mai wat 1000 a Sabon Gari, kana so ka riƙa aiki da ita a cikin Sienna ɗinka in ka je ɗaukar hoto gidan biki. Kayan da za ta ɗauka su ne kwamfutar tafi-da-gidanka, da firinta, da cajar batiran kyamara, wata rana har da injin laminetin. Ka tambaya ko a ramin laita za ka soka ta, ko kuwa a ja mata waya daga batir kai tsaye. Wayarin ɗin mota shi ne sana'ata, kuma tambayar nan ta sha zuwa gabana, don haka ga yadda nake ganin kowace hanya.

Ramin laita ba shi da wahala ko kaɗan. Ba yanka waya, ba huda, ba kuɗin aiki. A yawancin motoci ma da ka kashe mota ka zare makulli wutarsa ta ɗauke, ka ga ba yadda za a yi ka manta inbata a kunne ta kwana tana shan batir. Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne. Fiyus ɗin da ke tsaronsa yawanci amf 10 ne ko 15, wutar mota kuma bolt 12 ce. In ka ninka, wat 120 zuwa 180 ke nan, kuma ita kanta inbatar tana cin nata rabon ta mai da shi zafi. Wato abin da za ka samu cikin kwanciyar hankali bai wuce wat 100 zuwa 150 ba. Kwamfuta mai cin wat 65 da cajar kyamara da ƙaramar firinta mai tawadar ruwa duk za su zauna lafiya a nan. Amma da ka jona injin laminetin, ko firinta mai garin tawada wadda sai ta ɗumama kanta kafin ta buga, to ɗaruruwan wat ake magana, fiyus zai tsinke nan take.

Wurin da mutane ke jawo wa kansu masifa ke nan. Fiyus ya tsinke sau biyu, sai mutum ya fusata ya sa na amf 30, ko ya naɗe wurin da zaren waya. Wayar da ke bayan ramin nan siririya ce, ba a yi ta don wannan nauyin ba. Fiyus kuwa wayar yake karewa. In ka hana shi tsinkewa, wayar ce za ta ɗauki zafin, a can cikin dashbod inda idonka ba ya kaiwa.

Haɗi kai tsaye shi ne zai ba ka cikakken ƙarfin abin da ka saya, amma sai ka san irin wutar da za ta bi ta wayar. Wat 1000 a kan bolt 12 ya haura amf 80, in ka haɗa da abin da inbatar ke ci ya tasar wa amf 100. Wannan ba wutar da za a ba wayar rediyo ba ce. Tana son waya mai kaurin sukwaya milimita 25 zuwa 35 (25mm² zuwa 35mm²) a lissafin faɗin bakinta, irin ta masu walda, kuma gajera gwargwadon iko, domin duk tsawon da ka ƙara wuta na raguwa a hanya. Shi ya sa za ka ji inbata tana ta kuka tana kashe kanta alhali batir a cike yake: wutar da ke isa gare ta ta faɗi zuwa wajen bolt 10 da rabi, ita kuma ta ɗauka batir ne ya mutu.

In ka je sayen wayar, a Ƙofar Ruwa ne ko a Sabon Gari, ka tafi da reza. Ka fere bakinta ka kankare gashin. In ja ne har ciki, tagulla ce ta gaske. In da ka kankare ka ga fari yana ƙyalli, alminiyum ne aka shafa wa tagulla a baya. Za ka ji ta ma sakayau a hannu. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla, kuma ta fi saurin yin zafi a bakin haɗi.

Sai fiyus, wanda a wurina shi ne ran aikin gaba ɗaya. A kan jar waya ake sa shi, dab da kan batir mai alamar +, kada nisansa ya wuce taƙi ɗaya na hannu. Ga inbata irin taka, mai amf 125 ya yi, muddin wayar ta kai kaurin da na faɗa. Wani zai ce ai inbatar tana da fiyus a cikinta. Gaskiya ne, amma wancan cikinta kawai yake karewa, ba ruwansa da tsawon wayar da ta taso daga batir. Bara da zafi an turo mini wata mota da aka ja wa jar waya daga bonet, aka bi da ita ta bakin ƙofar direba, ba fiyus. Kullum ƙofa na datse ta, har robar ta yanke, tagulla ta taɓa ƙarfe. Jikin mota kuwa gaba ɗayansa a haɗe yake da baƙin kan batir. Da na ɗaga kafet, robar wayar ta narke ta manne a ƙasa kamar kwalta, kafet ɗin ya ƙone layi guda har ƙarƙashin kujera, warin kuwa ya kwana uku a hancina. Mai motar ya ce da yaransa biyu a baya lokacin da hayaƙi ya turnuƙe. Allah ne ya tsare, wani mai shago ya zo da sifana ya kwance kan batir. Tun daga ranar ban ƙara yarda na ja wa kowa waya ba fiyus ba, ko da zai yi fushi ya tafi wani wuri.

Wayar ta bi ta ramin da ke bangon da ya raba inji da cikin mota, wanda ke da zoben roba, a sa ta cikin bututun roba, a ɗaure ta nesa da salansa da duk abin da ke juyawa. Bakinta a matse shi da kan tagulla, a ɗaure da noti. Waɗannan 'yan maƙalai masu baki kamar na kada da ke zuwa cikin kwali na aikin minti kaɗan ne mota na tsaye, ba na tafiya a kan titi mai gargada ba. Ita kuma inbatar kada ta zauna cikin bonet. Zafin Kano a watan Afrilu yana haura digiri 40, balle a haɗa da na inji. A sama mata wuri a cikin mota inda fankarta za ta sha iska, ba a ƙarƙashin tulin kaya ba.

Abin da haɗi kai tsaye ya fi ramin laita haɗari a kansa shi ne batir. Wuta na nan ko da makulli na aljihunka. Batirin mota kuma na tayar da inji ne, ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, ba ya jure a riƙa tatse shi. A ce naka mai lamba 75 ne, wato a lissafi yana riƙe da wutar amf 75 ta awa ɗaya, kana jan wat 300: wajen amf 30 ke nan, cikin awa ɗaya ka kusa cinye rabinsa. Biki ya tashi, ka murɗa makulli, sai ƙas-ƙas. In ka maimaita haka sau da yawa, batirin ya tafi ke nan. Don haka in za ka kunna abu mai nauyi, inji ya kasance a kunne, a fili kuma, ba cikin rufaffen gareji ba, don hayaƙin salansa yana kisa. Ko da inji na aiki, altaneta mai cajin batir ba ta ba da cikakken ƙarfinta a silo, ga kuma motar da nata buƙatun, saboda haka kada ka sa ran jan wat 1000 na awanni.

Da ni ne kai, Malam, tunda akwai laminetin a lissafi, kai tsaye zan haɗa, da waya mai kauri da fiyus, in riƙa kashe inbatar da hannuna duk lokacin da na gama. In aikin ya zama na kowane mako, a ƙara batir na biyu irin na sola a baya, da rile mai raba su in inji ya tsaya, yadda ko ka shanye shi tas motarka za ta tashi.

Kafin ka kashe ko sisi a kan waya, juya inbatar ka karanta bayanta. Waɗansu 'yan kwatano daga Amurka suke, bolt 110 suke fitarwa, kayanmu kuwa na 230 ne. Ka kuma tabbatar an rubuta bolt 12 a wajen shigar wuta, domin akwai masu 24 na manyan motoci irin su DAF, waɗanda ba za su tashi a motarka ba.